Ra'ayi: Kafin ka sayi takobi a wasan Dungeons & Dragons, ka fara sayen igiya

Mutum shida ne a kewayen tebur, kowa da takarda da fensir. Ɗaya daga cikinsu, wanda shi ke jan labarin, ya ce: "Kun iso ƙarshen matakala. A gabanku akwai rami mai zurfin ƙafa 40, kuma daga can ƙasa kuna jin kukan yaron da kuka zo nema. Me za ku yi?"

Sai kowa ya sunkuyar da kai yana duba takardarsa. Wannan yana da takobi da garkuwa, wancan kwari da baka, ɗayar kuma littafin sihiri. Babu mai igiya ko mutum ɗaya.

Duk wanda ya daɗe a irin wannan wasa ya san wannan shirun. Bisa dokar wasan, wanda ya yi ƙuru ya diro zai jefa dayis huɗu masu fuska shida, ɗaya kan kowace ƙafa 10, abin da ya fito kuma a cire shi daga lafiyarsa. A tsaka-tsaki maki 14 ke nan, alhali mayaƙin da ya fara wasa yau da wuya lafiyarsa ta wuce maki 12 ko 13. Igiyar da za ta raba wannan gardama kuwa tsabar zinari ɗaya tak ake sayar da ita a cikin littafin. Takobin da ke rataye a ƙugunsa zinari 15 ne.

Matsayinmu shi ne: waɗannan ƙananan kaya masu arha, igiya da alli da sanda da madubi, su ne ke tilasta wa ɗan wasa yin tunani. Teburin da ya daina kula da su ya yar da wani babban ɓangare na daɗin wasan, ko da bai ankara ba.

Wane irin wasa ne wannan?

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin ya ɗan yi kama da tatsuniya, sai dai masu sauraro su ma suna cikin labarin. Kowane ɗan wasa yana ƙirƙirar jarumi guda, ya ba shi suna da sana'a da hali, ya rubuta ƙarfinsa da basirarsa da kayansa a takarda. Jagoran wasa yana bayyana inda suke da abin da ke faruwa, su kuma su faɗi abin da jarumansu za su yi. In akwai shakka kan ko abin zai yiwu, sai a jefa dayis, galibi mai fuska 20. Ba a zuba kuɗi, babu mai cinye wani, don haka ba caca ba ce. Zinarin da ake magana a kai a takarda kawai yake.

Dungeons & Dragons shi ne kakan irin waɗannan wasanni. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙirƙire shi, kamfanin TSR kuma ya buga shi a 1974 a garin Lake Geneva da ke jihar Wisconsin ta Amurka. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, shi ma Hasbro ya saye shi a 1999. Da yawa daga masu kallo sun fara cin karo da wasan ne a shirin Stranger Things, inda yaran ke buga shi a ɗakin ƙasa, ko a fim ɗin da ya fito a 2023, ko a wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 da aka gina kan dokokinsa.

Farashi da nauyin da za mu ambata a nan daga littafin 'yan wasa na 2014 suke, wato bugu na biyar. Lissafin kuɗinsa mai sauƙi ne: kwabon tagulla goma sulen azurfa ɗaya, sule goma kuma zinari ɗaya.

Lokacin da sanda ta fi takobi daraja

Jerin kayan sayarwa da ke cikin bugun 1974 ya isa ya nuna yadda ake wasan a wancan zamani. Ɗan wasa yana jefa dayis uku ya ninka da goma, abin da ya samu shi ne jarinsa. Daga nan sai kasuwa: sanda mai tsawon ƙafa 10, igiya ƙafa 50, turakun ƙarfe 12, buhu, salkar ruwa, madubi, tafarnuwa, har da alfadari.

Akwai dalili. A wancan tsari, yawancin makin da jarumi ke samu ya ƙara matsayi daga dukiyar da ya fito da ita yake zuwa, kowane zinari maki ɗaya. Faɗa kuwa hanyar mutuwa ce ga sabon jarumi, domin sara ɗaya na iya gamawa da shi. Mai wayo shi ne wanda ya shiga kufan ƙarƙashin ƙasa, ya kwaso dukiya, ya fito ba tare da ya zare takobi ba. Buhu da alfadari a nan ba ado ba ne, da su ake cin wasan.

Sandar nan mai ƙafa 10, kimanin mita uku, ita ce ta zama tambarin wancan zamani. Ana bubbuga ƙasa da ita kafin a taka, ko akwai ramin da aka rufe. Ana tura ƙofa da ita daga nesa, a auna zurfin ruwa, a taɓa akwatin da ba a yarda da shi ba. Shahararren labarin Tomb of Horrors da Gygax ya rubuta, wanda aka buga a 1978, yana farawa ne da doguwar hanya cike da ɓoyayyun ramuka masu tsinin dafi, a ƙarshenta kuma ga wata koriyar fuskar shaiɗan a jikin bango, bakinta a hangame, baƙi wuluk. Duk abin da ya shiga bakin nan ya hallaka ke nan. Jarumai da dama sun cusa kai ciki suna zaton ƙofa ce. Wanda ya fara cusa sanda, sanda kawai ya yi asara.

A littafin 2014 kwabo biyar ne kuɗinta. Gaskiya tana da wahalar sha'ani, domin jagora mai lura zai tambaye ka yadda za ka karya kwana da ita a lungu mai faɗin ƙafa biyar, ko inda za ka ajiye ta in faɗa ya kaure. Wannan tambayar ma wani ɓangare ne na wasan.

Igiya, da abin da ke tafiya da ita

In da za a ce a zaɓi abu ɗaya, igiya ce. Da ita ake sauka rami, a ɗaure fursuna, a tsallaka kogi, a ɗaure abokan tafiya da juna a kan dutse, a ja akwati daga nesa, a shimfiɗa tarko a bakin ƙofa. Wanda ya karanta The Lord of the Rings zai tuna yadda Sam ya yi ta cizon yatsa don ya baro gida babu igiya, har sai da aka ba su wata a hanya.

Ta gama-gari zinari ɗaya ce, nauyinta laba 10, wato kilo huɗu da rabi. Ta siliki zinari 10 ce amma rabin nauyin. Sabon jarumi ba ya buƙatar ta siliki. Gara ya sayi ta gama-gari ya ƙara da ƙugiya ta zinari biyu, don ya iya jefa ta kan katanga.

Abokan igiya su ne guduma da turakun ƙarfe. Mutane kan ɗauka na hawan dutse ne kawai, amma babban aikinsu a ƙofa yake. A dokar 1974, ƙofofin ƙarƙashin ƙasa suna rufe kansu da zarar an wuce, kuma dodanni ba sa shan wahalar buɗe su. Sai a kafa turke a tokare ƙofar don hanyar gudu ta zauna a buɗe, duk da cewa dokar ta ce sau ɗaya cikin uku turken zai iya zamewa. Har yau dabarar tana aiki ta ɗaya fuskar: in rundunar ta gaji tana son hutawa, a shiga ɗaki mai ƙofa ɗaya a danne ta da turaku daga ciki. Sai dai a tuna cewa bugun guduma ƙara gare shi, kuma jagora yana da damar cewa wani ya ji.

Akwai kuma ƙarfen ɓalle ƙofa, zinari biyu. Dokarsa a fili take: duk inda za a iya sa shi a banƙara, ɗan wasa zai jefa dayis biyu ya ɗauki wanda ya fi yawa. Da wuya a samu wani abu mai arha haka da ke ba da irin wannan rangwame.

Maganar haske

A nan ne gardamar ta fi zafi, don haka bari mu ɗan tsaya.

Bakin wuta, wato itacen da aka naɗa wa tsumma mai mai a kai, kwabo ɗaya ne. Yana ci awa ɗaya, yana haska ƙafa 20 sosai, da wasu ƙafa 20 dishi-dishi. Fitila mai murfi zinari biyar ce, tana haska ƙafa 30, kuma kwalbar mai ɗaya ta sule guda tana kai ta awa shida. Amfanin murfin shi ne a rage hasken in ana son laɓewa. Dukansu suna buƙatar ƙyastu, kuma dukansu suna cinye hannu ɗaya. Mai takobi da garkuwa ba shi da hannu na uku, saboda haka dole rundunar ta yanke shawarar wanda zai riƙe wuta.

A tsohon tsari, haske agogo ne. Ana lissafa lokaci da zango-zango na minti goma, bakin wuta yana ƙarewa bayan zango shida, kuma lokaci-lokaci jagora yana jefa dayis ya ga ko wani dodo mai yawo ya ci karo da su. Rundunar da ta shigo da bakin wuta shida ta san awa shida gare ta, shiga da fita. Kowane ɗaki da aka tsaya bincikawa yana da farashi. "Mu ƙara ɗaki ɗaya ko mu juya?" ita ce tambayar da ke riƙe da wasan gaba ɗaya.

A bugun 2014 wannan agogon ya kusa tsayawa. Cikin jinsunan jarumai tara da ke littafin, shida suna gani a duhu. Akwai kuma ƙaramin sihirin haske da ba ya ƙarewa, wanda ke haska daidai abin da bakin wuta ke haskawa, ana iya maimaita shi iya son rai. Sakamakon haka tebura da yawa sun daina ambaton duhu sam.

To amma ko a wannan bugun, dokar ba ta ce gani a duhu daidai yake da rana ba. Mai wannan baiwa yana ganin duhu ne kamar dishi-dishi, wanda ke rage masa damar hango tarko, kuma ba ya bambance launi, komai toka-toka yake gani. Jagoran da ya ce "ku ja jan zare, kada ku taɓa shuɗi" ya dawo da kyandir ɗin kwabo ɗaya cikin wasa nan take.

Man fitila kuma makami ne. In aka watsa wa abokin gaba aka bi da wuta, ƙarin maki biyar na ƙuna ne. In aka zuba a ƙasa aka kunna, ya tare ƙofa na ɗan lokaci. Akwai dodon da ake kira Troll wanda raunukansa ke warkewa maki 10 a kowane zagaye, sai in an taɓa shi da wuta ko asid. Rundunar da ba ta da mai sihirin wuta, kwalbar sule ɗaya ce tsakaninta da halaka.

Tarkacen aljihu

Alli kwabo ɗaya ne, ba shi da nauyin da ake lissafawa. Da shi ake yi wa hanya alama a wuri mai ruɗarwa, a zagaye dutsen da ke da tarko, a bar wa na baya saƙo. Jagora mai mugunta zai sa wani ya bi baya yana gogewa ko yana juya kibiyoyin, kuma ranar da 'yan wasa suka gane haka, sun san ba su kaɗai ba ne a wurin.

Madubin ƙarfe zinari biyar ne, da ɗan tsada, amma yana leƙa kwana ba tare da an miƙa wuya ba, yana aika sigina da hasken rana, kuma dokar ta tanadi cewa Medusa, wadda kallonta ke mayar da mutum dutse, in ta ga kanta a madubi cikin haske, abin kanta zai koma.

Jakar 'ya'yan boris guda 1,000 zinari ɗaya ce. A watsa su a ƙasa, su rufe fili ƙafa 10 a kan 10, mai gudu ya taka ya sha ƙasa. Amma masu wayo sun fi amfani da ƙwaya ɗaya: a ajiye ta a ƙasa a ga ko daɓen ya karkata, ko a jefa ta rami a saurari zurfinsa. 'Yar uwarta ita ce ƙayar ƙarfe mai kama da tsidau, wadda duk yadda ta faɗi tsini ɗaya na kallon sama. Guda 20 zinari ɗaya, ga mai son rage wa masu bin sa gudu.

Ƙararrawa da zare sun zama mai gadi in an kwanta barci. Usur na kiran taimako kwabo biyar ne. Sabulu kwabo biyu, kuma ba don wanka kaɗai ba, ana sulɓe hannu da shi daga mari, ko a danna mabuɗi a jikinsa a ɗauki siffarsa. Garin fulawa ma, tsofaffin 'yan wasa ba sa tafiya babu ƙulli guda, saboda in aka watsa shi a iska yana tona asirin wanda ya yi layar zana, kuma yana nuna inda iska ke shigowa ta ɓoyayyiyar ƙofa.

Sai jakar ɗaurin rauni, wadda muke ganin an fi yi wa rashin adalci. Jarumin da lafiyarsa ta kai sifili yana jefa dayis a kowane zagaye, in ya faɗi sau uku ya mutu. Jakar nan, zinari biyar, tana tsayar da wannan lissafi nan take ba tare da an jefa komai ba, kuma sau goma ake amfani da ita. Kwalbar maganin warkarwa zinari 50 ce, shan farko ta ƙare. Kwalbar tana tayar da mutum ya ci gaba da faɗa, jakar kuwa hana shi mutuwa kawai take yi, amma ga rundunar da ba ta tara komai ba tukuna, zaɓin a bayyane yake.

Wa zai ɗauki duk wannan?

Ga inda masu sukar ra'ayinmu ke da hujja. In ana son kaya su yi ma'ana, dole a lissafa nauyi, lissafin nauyi kuwa yana da gundura.

Dokar asali ta 2014 ta ce jarumi na iya ɗaukar makin ƙarfinsa sau 15 a laba. Mai ƙarfi 10, wato mutum gama-gari, zai ɗauki laba 150, kusan kilo 68, ya yi gudu ya yi faɗa kamar ba komai a bayansa. Da irin wannan sassauci babu wanda ke damuwa ya duba. Akwai doka ta zaɓi da ta fi tsauri, inda wanda ya wuce ƙarfinsa sau biyar zai rage sauri, amma sai an riƙa tara lambobi ana gogewa duk lokacin da aka ci guzuri ko aka tsinci wuƙa.

Littafin ma da kansa bai tsira ba. Ƙunshin matafiyi da ake bai wa jarumai da yawa tun farko, mai jakar goyo da shimfiɗa da kwanon abinci da ƙyastu da bakin wuta 10 da guzurin kwana 10 da salka da igiya, nauyinsa laba 59 ne, kusan kilo 27. Jakar kuwa laba 30 take ɗauka. Ko an ɗaure igiya da shimfiɗa a waje kamar yadda aka yarda, sauran sun fi ƙarfinta. Haka ruwa: jarumi na buƙatar galan ɗaya a rana, biyu in ana zafi, amma salkar rabin galan take ci, ƙasa da lita biyu. Duk wanda ya san zafin watan Afrilu ya san wannan salka ba za ta kai shi azahar ba.

Sannan ga sihirin da ke share matsalar gaba ɗaya. Akwai na matakin farko da ke samar da 'ya'yan itace goma, kowanne ya ƙosar da mutum yini guda. Akwai hannun iska da ke taɓa abu daga nisan ƙafa 30, wanda ya kashe wa sanda kasuwa. Akwai jakar sihiri da ke haɗiye kaya laba 500. Mai suka zai ce: mutane sun taru ne bayan aiki ko makaranta don su zama jarumai na awa uku, ba don su zama akawun sito ba.

Mun yarda da rabin maganar. Babu wanda ya zo tebur don ya ƙirga kibiya. Akwai kuma labaran da kaya ba su da muhimmanci a cikinsu, kamar na makircin fada, inda wasiƙa da hatimi suka fi igiya amfani. Kuma tsohon salon yana da nasa ciwon: rundunar da ke bubbuga kowace ƙafa ta hanya da sanda tana iya cinye dare guda ba ta wuce zaure ba.

Inda muka rabu shi ne a kan magani. In lissafi ya yi nauyi, a sauƙaƙa shi, kada a jefar da shi. Bambancin da ke tsakanin sihiri da igiya shi ne, sihiri yana zuwa da bayanin abin da yake yi a rubuce, ɗan wasa ya karanta ya danna kamar maɓallin waya. Igiya ba ta zo da jerin amfaninta ba. Sai ɗan wasa ya tambayi jagora: akwai ginshiƙi a ɗakin? Rufin katako ne ko dutse? Ƙofar ciki take buɗewa ko waje? Waɗannan tambayoyi su ke mayar da ɗakin da aka zana a takarda ya zama wuri na gaske a zukatan mutum shida. Kuma a nan ne sabon shiga, wanda bai haddace shafi ɗari uku na doka ba, yake iya fin tsohon hannu, domin kowa ya san abin da ake yi da igiya.

Yadda wasu suka warware matsalar

Masu ƙirƙirar sababbin wasanni sun daɗe da gano haka. The Black Hack na David Black, wanda ya fito a 2016, ya daina ƙirga kaya ɗaya-ɗaya. Kowane abu mai ƙarewa yana da dayis nasa, in an yi amfani da shi a jefa, in 1 ko 2 ta fito sai a koma dayis mafi ƙanƙanta, har ya ƙare. Ba ka san ranar da mai zai yanke ba, amma kana ganin yana matsowa.

Knave na Ben Milton, na 2018, ya yi amfani da gurabe: layuka ƙididdigaggu a takarda, yawancin kaya kowanne layi ɗaya. In layuka sun cika, sai ka yar da wani abu kafin ka ɗauki zinari. Shadowdark na Kelsey Dionne, wanda ya fito a 2023 ya kuma lashe manyan kyaututtukan ENNIE a 2024, ya haɗa gurabe da wata dabara mai tayar da hankali: babu jarumin da ke gani a duhu, kuma bakin wuta yana ci awa ɗaya ne na agogon gaske. Jagora ya saita lokaci a wayarsa, in ta yi ƙara wuta ta mutu, ko ana tsakiyar gardama.

Blades in the Dark na John Harper, na 2017, ya bi ta wata hanya dabam. Kafin a fita aiki, ɗan wasa yana faɗin yawan kayan da ya ɗauka ne kawai, uku ko biyar ko shida, ba tare da ya ce mene ne ba. Sai an iso gaban katanga ya ce ai da ƙugiya na zo, ya cike gurbi ɗaya. Wannan ya dace da labarin ƙwararrun ɓarayi da suka fi mai wasa da su sanin sana'arsu. Mu dai mun fi son a yi zaɓin tun a kasuwa, saboda daɗin "na gode Allah da na sayi alli" ba ya samuwa in allin ya faɗo daga sama. Amma ko a nan iyaka tana nan, gurbi na ƙarshe yana da tsada.

Babu abin da ya hana teburin Dungeons & Dragons aron ɗaya daga cikin waɗannan. Layi goma ko goma sha biyu a bayan takarda sun wadatar.

Nauyin da ke kan jagora

Duk wannan ba zai yi aiki ba in jagora bai ba da dama ba. Ɗan wasan da ya sayi madubi ya yi wata uku bai samu inda zai fito da shi ba, ba zai sake saye ba. Wanda ya kawo dabarar fulawa aka ce masa "babu wannan a doka" ya koyi cewa tunani ɓata lokaci ne, gobe sai ya koma sara da takobi.

Abin da ake buƙata daga jagora kaɗan ne. Ya bayyana wuri da abubuwan da za a iya taɓawa. Ya riƙa kawo matsalar da ba ta da amsa ɗaya, kamar gada da ta karye ko rijiya da ta ƙafe. In dabara ta yi ma'ana, ya bar ta ta yi aiki, wani lokaci ma ba sai an jefa dayis ba. Kuma ya bar kaya su ƙare, su jiƙe, su karye. Igiyar da aka bari a rataye a ramin farko ba ta cikin jaka a rami na biyu.

Ga mai son gwadawa, ba sai ya sayi littafi ba. Kamfanin ya saki ainihin dokokin kyauta a intanet, har da jerin kayan nan da farashinsu, kuma akwai manhajojin jefa dayis a waya.

In an zo sayayya, ga lissafin da ya kamata rundunar ta yi tare, tunda ba sai kowa ya sayi komai ba. Igiya zinari ɗaya, turaku goma zinari ɗaya, guduma ɗaya, ƙarfen ɓalle ƙofa biyu, madubi biyar, jakar ɗaurin rauni biyar. Jimla zinari 15, daidai kuɗin takobi guda, nauyinsu duka kuma kimanin kilo 12. In an raba wa mutum biyar, zinari uku-uku ne, canjin da ya rage a aljihu kuma ya isa sanda da alli da kwalaben mai biyu.